Ƙaryar da Na Rubuta a Takardar Makarantarki

Daga gidan Malam Audu Mai-Sikeli,
ƙauyenmu na gabas da Bakori,
ranar Laraba, bayan azahar.

Zuwa ga 'yar ɗakin Iya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kin sauka lafiya, kin sami inda za ki ajiye akwatinki, kin kuma gane wace ƙofa ce ta aji, wace ce ta ɗakin kwana. Ni a zamanina ƙofar fita kaɗai na gane sosai. Allah ya sa kin shiga a sa'a, ya tsare ki daga sharrin mutum da aljan, ya buɗa miki kai, ya sa malamanki su so ki. Amin.

Kawunki Sale ya dawo shekaranjiya, ya ce ya miƙa ki hannun hukumar makaranta lafiya. Labarin gida ba zan ba ki ba, don babu shi. Akuya tana nan, kakarki Iya tana nan, kuma ba su daina faɗa ba. Innarki ta ce in gaishe ki. Ba da baki ta faɗa ba, tsayawa ta yi a bakin ƙofa tana kallon takardar nan, ni na fassara.

Na san kina mamaki. Shekara goma sha uku muna gida ɗaya, in aka tara maganar da na yi miki ba za ta cika mudu ba. "Ke, kawo buta." "Ke, ina Iya?" Ke ce ɗiyar fari, kin kuwa san yadda muke da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a yaba shi. Haka na tarar, haka na yi, har na fi waɗanda na tarar iyawa. Amma takarda ba ta da ido, ba za ta dube ni in sunkuyar da kai ba, saboda haka yau zan zuba. Ki yi haƙuri da rubutun. Aji biyu na yi a elementare na gudu, sauran na ƙarasa a ajin yaƙi da jahilci ina da gemu, kuma har yau ba a tabbatar da wanda ya ci yaƙin ba, ni ko jahilcin. In kin ga harafi ya kwanta, ki tashe shi.

Bari in fara da abin da ban faɗa miki ba. Ranar da Hedimasta ya zo a kan kekensa da labarin kin ci jarrabawar shiga babbar makarantar 'yan mata, ina bakin sikeli a kasuwar auduga. Na ce masa, "To, madalla," na ci gaba da awo, kamar ce mini ya yi an ga kaza a bayan gida. Yana juya baya na ɗora buhu guda a sikeli har sau uku. Mai buhun ya ce, "Malam Audu, auduga ce fa, ba amarya ba, me kake ta ɗagawa kana dubawa?" Na zaga bayan tulin buhuna na yi ta dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Daga nan har Mahuta babu wanda bai ji labarin nan daga bakina ba, har da masu saurin tafiya da sai na riƙe musu riga. Ke kaɗai ce ban gaya wa ba. To, na gaya miki yanzu: kin fasa mini kai, hulata ma ta daina shiga.

Ga abin da ya sa na rubuto. A cikin ambulan ɗin nan akwai wasu takardu biyu a ninke tare. Na shugabar makarantarku ne, kuma ina so ki kai mata da hannunki. Ɗaya ta likita ce. Ɗaya tawa ce, a ciki na gaya mata kina da ciwon fuka, wanda likita ke kira asma, kuma ƙarya na yi a takardar shiga da na ce ba ki da komai.

Na san abin da gabanki ya yi yanzu. Na san kin roƙi Iya kada kowa ya faɗa, don kada a ce ba ki da lafiya a koro ki gida. Kada ki yaga su tukuna. Ki karanta wautar ubanki daga farko har ƙarshe, sa'an nan ki yanke abin da za ki yi.

Kina shekara huɗu abin ya fara. Wata la'asar, da kaka, ƙirjinki ya kama kuka kamar an rufe 'yar kyanwa a tukunya. Kafin a ce me, tsakar gida ta cika, kowa ya zama likita. Wata ta ce iska ce ta gindin tsamiya, wani ya ce baki ne, don kin cika wayo. Ni kuwa ina da turaren da na taɓa karɓowa wajen wani mai magani a kasuwar Bakori, saiwa da ɓawo a dake. Ya ce mini tsunkule ɗaya a garwashi, a lulluɓe mai tari da bargo. Da yake na yi aji biyu, sai na yi lissafi: in tsunkule ɗaya na warkarwa a kwana uku, ai uku za su warkar a yini ɗaya. Na zuba uku.

Ban ma riƙe ki da kaina ba, kunya ta hana. Iya ce ta zaunar da ke a cinyarta, ni ina bakin ƙofa ina ba da umarni kamar alƙali. "A ƙara rufe ta. Kada hayaƙin ya ɓaci." Kukan ƙirjin ya yi shiru, na ce, "Kun gani?" Iya ta yaye bargon. Leɓɓanki sun yi baƙi, idonki ya juye. Ta yi wurgi da kaskon ya bi ta gefen kunnena, ta ce, "Audu, jikata kifi ce da za ka kyafe ta?"

Maƙwabcinmu Nomau ne ya saɓa ki a kafaɗa ya yi gudu da ke har bakin titi, ina bin sa da takalmi ɗaya. Allah ya kawo wata lori mai zuwa Malumfashi. A asibiti aka yi miki allura, muna tsaye muna kallo numfashinki ya dawo kaɗan-kaɗan, kamar ruwan rijiya bayan an kwashe.

Saboda haka, hayaƙi ba naki ba ne, kowane iri. Na itacen kicin, na sharar da ake ƙonawa, har turaren wuta mai ƙanshi da 'yan mata ke sa wa tufafi. In an hura, ki tashi ki ba shi wuri, ba sai kin nemi izininsa ba. Kuma za ki yi ƙawaye, kowace ta zo da ƙullin magani daga kakarta. Ranar da ciwon ya tashi za su kewaye ki, wannan ta ce sha, waccan ta ce shaƙa. Ki gode musu, ki ce a kira matiron, uwar ɗakin kwananku. Ba ƙiyayya za ta sa su ba ki ba, so ne. Amma mai son ki ma yana iya kai ki kabari da hannu bibbiyu. Ni shaida ne.

Na ambaci Nomau, bari in ba shi haƙƙinsa, ko da yake in ya ji ba zan ƙara shan ruwa a ƙauyen nan ba. Kin san shi, Bamaguje ne, gonarsa na iyaka da tamu, bai taɓa riƙe alli ba. Wata rana muna hutawa a inuwar ɗorawa, ya ce, "Audu, ka kuwa lura? Ɗiyar nan taka da damina lafiyarta lau, tsalle take kamar 'yar akuya. Sai kun ɗebo auduga kun cusa a ɗakin tsohuwa, inda take kwana, sannan ƙirjin ke tashi."

Na ce, "Nomau, kai ne ke magana ko burkutu? Audugata lamba ɗaya ce. Baturen kamfani da kansa ya shafa ta ya gyaɗa kai."

Ya ce, "To, Baturen a ɗakin yake kwana?"

Na tashi na bar masa inuwar. Kaka biyu na ƙara ina cusa auduga a ɗakin Iya har rufi, don nan ne ba ya yoyo kuma akuya ba ta shiga. Kaka biyu kina kwana a gindinta kina shaƙar gashinta. Ba don ban ji maganar ba. Na ji, ta kuma zauna mini. Abin da ya hana ni shi ne, yaya za a ce mai takardar shaidar yaƙi da jahilci ya koyi abu wajen Nomau, kuma a ce abin da nake taƙama da shi shi ke shaƙe mini ɗiya? Sai da muka koma Malumfashi karo na uku, malamin asibiti ya ajiye alƙalami ya dube ni ya ce, "Malam, me kuke ajiyewa inda take kwana?" Na ji kamar Nomau ne ya sa farar riga.

Na dawo na gina wa auduga rumbunta a bayan gida. Na kai wa Nomau goro. Ya yi ta dariya har ya ƙware, na ce Allah ya ƙara. Tun daga nan ciwon ya ragu fiye da rabi. Kin tuna in na dawo daga kasuwar auduga ba na shiga gida sai na tuɓe riga a zaure na kakkaɓe, na yi wanka? Iya ta yi ta ce wa mutane tsabta ta kama ɗanta da tsufa. Ba tsabta ba ce. Ke ce.

Na tambayi Sale, ya ce katifunku da matasan kai duk cushe suke, ko da auduga ko da rimi, kuma sun ga shekaru. Ki ajiye matashin, ki naɗe zane ki tada kai. Katifar ki shimfiɗa mata tabarma da gwadon da Innarki ta sa miki, ko ki roƙi a bar ki ki kwanta a tabarmar kawai. Ya ce kuma sababbin shiga su ke shara da yankan ciyawa. Ban ce ki ƙi aiki ba, ɗiyata ba raguwa ba ce. Ki nemi a musanya miki: ki ɗebo ruwa, ki wanke kwanoni, ki yi ninkin abin da wata ta yi in ya kama. In sharar ta zama dole, ki yayyafa ruwa tukuna. Amma fa duk wannan ba wanda zai yarda ya yi miki in ba a san dalili ba. Za a ce ke 'yar gata ce, ko mai ƙiwuya. Kin fara ganin amfanin takardar?

Ki ware bayan littafi ɗaya. Duk ranar da abin ya tashi ki rubuta me kika ci, ina kika zauna, me ke kusa da ke. Nomau da ido kaɗai ya gano abin da ya gagare ni. Ke kina da ido, ga alƙalami. Kuma in mai dafa abinci ko mai ban ruwan fulawa ya ce ya lura da wani abu, ki tsaya ki saurara, ko da bai iya rubuta sunansa ba.

Sai zancen akwatina, wanda kika sha ganin guntayensa Iya na ɗora tukunya a kai. Da likita ya ba da ƙwayoyin nan farare ya ce a ba ki ɗaya in ƙirji ya fara, sai na ga abu ne na ilmi, bai kamata a bar shi hannun mata ba. Na sa su a akwatina na katako, kusa da takardar shaidata, na kulle, na rataya makulli a wuya. Ranar kasuwa na hau jaki na tafi Bakori, ina tafe makulli na kaɗawa a ƙirjina kamar lambar girma. Da hantsi abin ya taso miki. Magani na cikin ɗaki, taku biyar daga inda kike kwance, makullinsa na can yana cinikin gishiri. Iya ta ɗauki taɓarya. An ce sau biyu kawai ta saukar.

Da na dawo na ga katako a warwatse, kin san abin da ya fara fita daga bakina? "Wa ya fasa mini akwati?" Kina kwance a tabarma, kin galabaita, gumi ya jiƙe ki. Kin ji ni. Na ga kin ji ni, don kin juya fuska wajen bango. Iya ta ce, "Ni ce. Akwai saura a taɓaryar in kana so." Na so in durƙusa in tambaye ki ya jiki. Sai na tsinci kaina ina tsintar ƙusoshi.

Maganinki ya zauna a jikinki, a 'yar jakar da Innarki ta ɗinka, ba a ƙasan akwati ba. An ce a makarantun kwana ana karɓe magani a kulle a kabad. To, matiron ma mutum ce, tana zuwa kasuwa da makulli. Shi ya sa likita ya rubuta a takardarsa a bar miki kaɗan a hannu. Kada kuma ki yi lissafin ubanki na tsunkule uku. Abin da aka ce ki sha, shi za ki sha. In kin sha bai sauka ba, ko kin ji magana na gagarar ki, ba jira, a kai ki asibiti. Kuma ki zaɓi yarinya ɗaya mai hankali, wadda gadonta ke kusa da naki, ki nuna mata jakar, ki gaya mata wa za ta kira. Mai fuka in abin ya kai, ba shi da numfashin yin bayani. Sai an yi bayanin tun ana lafiya.

Wannan da zan faɗa yanzu na daɗe ina zagaye shi. Kina shekara goma na tafi da ke Funtua, muka sauka gidan wani Alhaji mai lori da nake so ya san ni mutum ne. Ina zaure muna hira, ke kina ciki wajen mata. Sai aka aiko: Hajiya ta ce ɗiyar baƙo ta ƙi cin tuwo, wai ba ta cin miyar busasshen kifi, ko abincin gidan ne bai yi mata ba? Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Yaran boko ke nan."

Na sani sarai kifi na sa ki borin jini. Iya ta gaya mini, na kuma gani da idona sau ɗaya. Amma kunya ta rufe ni, a ce ɗiyar Audu ta raina abincin mutane. Na tashi na tsaya a bakin ƙofar shiga, ban ma leƙa ba, na ce, "Ke! Ci."

Kika ci. Kafin mu gama gaisawar sallama jikinki ya yi rudu-rudu, leɓɓa suka kumbura, ƙirji ya kama. Alhajin da nake son burgewa shi ya ɗauke mu a gaban lorinsa zuwa wajen likita, yana tuƙi yana ce mini, "Haba Malam Audu! Ai da ka faɗa!" Kina jingine a jikin ƙofa kina jan numfashi da ƙyar, kika ɗago kika ce mini, "Baba, na cinye."

Shekara uku ke nan, ban daina jin wannan maganar ba. In ina awo ta zo mini sai in rasa lambar da nake karantawa.

Ki ji ni da kyau. Ƙin cin abin da zai cuce ki ba rashin kunya ba ne. A makaranta tukunya ɗaya ake yi wa kowa, kuma kifi na shiga miya a dake, ba ya sallama. Ki tambaya. Ko shugabar makaranta ce ta miƙo miki da hannunta, ki rusuna ki ce, "Na gode, amma yana sa ni ciwo." Wanda ya ji haushi, haushinsa zai huce kafin magariba. Ko ni na zo na ce "Ke, ci," ki ce a'a. Na ba ki izini a rubuce, ga shi a hannunki.

Yanzu mu zo kan takardar shiga. Wannan ke ma kina wurin, amma bari in faɗa yadda na gan ta. Hedimasta ya so ya cika mini, na ce ya bar ta, a gidan nan akwai masu ilmi. Da na buɗe na ga Turanci ne tsantsa, sai na aika aka kira ki. Kika rubuta sunanki a sama, kika hutar da ni. Kika tsaya a bakin zaure, kai a sunkuye, kina karantawa kina fassarawa, ni ina rubuta amsa. Sunan uba. Sana'ar uba. Nan na so a ba ni layi uku. Sai kika zo wata tambaya, muryarki ta yi ƙasa: "Ko yarinyar tana da wani ciwo da ke taso mata?"

Kika tsaya kina jiran amsa. Na tuna na riga na gaya wa duniya ɗiyata za ta babbar makaranta. Na tuna yadda kika taka hanyar firamare shekara bakwai, wata rana sai kin zauna a gindin itace kin huta sau biyu kafin ki isa, ba ki taɓa cewa kin fasa ba. Na ce a raina, kalma ɗaya ba za ta rushe wannan ba. Na danna alƙalami na rubuta, "Babu." Ban taɓa rubuta kalma ta miƙe sarai kamar wannan ba. Kika karɓa kika ninke. Ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi, kuma ƙarya ce muka ƙulla a ciki.

Na yi zaton na yi miki gata. Sai ranar tafiyarki, a tashar jirgin Funtua. Kin ɗauka ban zo ba ko? Na zo. Ina can wajen mai goro, ina taya abin da ba zan saya ba, kada a ce Audu ya rako ɗiyar fari. Da kan jirgi ya huro baƙin hayaƙin nan ya bi ta kanku, na ga kin kai gyale baki. Na ga kafaɗunki na hawa da sauka, na san wannan hawan. Sale ya sunkuya ya tambaye ki. Daga inda nake na karanta bakinki: "Lafiya lau, Kawu."

Nan na ce a raina, wannan karatun ba Hedimasta ya koya mata ba, ni ne. Ni na koya mata a haɗiye, a yi shiru, a ce babu. Ga shi za ta inda ba Iya, ba taɓarya, ba Nomau mai gudu da ita bakin titi. Za a sa ta gudun safe, a ba ta tsintsiya, a zuba mata miyar kifi, kuma duk wanda ya duba takardarta zai ga ubanta ya sa hannu cewa ba ta da komai. In ta faɗi za a ce shagwaɓa ce, a yayyafa mata ruwa a jira ta tashi.

Washegari ban je sikeli ba, na hau lori zuwa Malumfashi. Na sami malamin asibitin nan na gaya masa abin da na yi. Ya dube ni ya ce, "Malam Audu, kai kullum sai ka gama gini kake neman ma'auni." Ya shigar da ni wajen likita aka rubuta takardar. Na tambaye shi ko za su kore ki. Ya ce a iya saninsa ba a korar yaro don fuka, wanda aka san da shi lura ake yi da shi. Amma bai rantse mini ba, ni ma ba zan rantse miki ba. Na gaji da yi miki ƙarya mai daɗi.

In sun riƙe ki, alhamdu lillahi, ki yi karatu har sai sun rasa littafin da za su ba ki. Yanzu ƙasa a hannunmu take, ana neman malamai mata da masu aikin asibiti, kuma ina so wata rana in shiga asibitin Malumfashi a ce mini, "Baba, jira a layi," in duba in ga ke ce. In kuwa sun ce ki dawo, ki dawo kanki a sama. Laifin nawa ne, na kuma rubuta musu haka. Zan sa babbar rigata in bi ofis-ofis, daga na En'e, hukumar sarki, har inda ƙafata ta kai, sai an sama miki wani wuri. Amma na fi son ki dawo da ƙafarki kina fushi da ni, da a aiko mini da akwatinki.

Ina iya jefa takardun nan a gidan waya su tafi kai tsaye, ba tare da kin sani ba. Na ƙi. Ba na so a kira ki ofis ki ji zancenki a bakin wani. Ina so ki shiga da kanki, ki gaishe ta, ki miƙa, ki faɗa da bakinki: "Ina da fuka, kifi na sa ni borin jini, ga maganina." Yarinyar da ta ci jarrabawar da ta kayar da 'ya'yan manya ba za ta kasa wannan ba.

Na ba ki Juma'a biyu in ga amsa. In ban gani ba, wallahi jirgi zan hau in zo da kaina. Zan sa rawanin da na ara ranar sunanki, in tsaya tsakiyar fili lokacin da kuka yi layi, in yi wa shugabarku bayani da Turanci. Kalma tara na sani, huɗu daga ciki na sikeli ne, biyu kuma zagi ne da na koya wajen direbobi ban san ma'anarsu ba. Ki zaɓa.

Na san abin da nake nema a wurinki ba ƙarami ba ne. Buɗe baki a faɗi abin da aka saba haɗiyewa yana da nauyi, kuma bai kamata in ɗora miki kayan da ni na kasa ɗauka ba. Saboda haka bari in fara. A takardar shugabarku dole na rubuta ko ɗiyar wa nake nufi, haka a bayan ambulan. Na so in kai wa Hedimasta ya rubuta, na fasa. Jiya na tafi gona na zauna a kan kunya, na yi ta gwadawa a ƙasa da tsinke ina sharewa, har Nomau ya leƙo ya ce ko duba na koma. Ga shi nan:

Hajara.

Na rubuta, kuma yanzun nan na faɗe shi da ƙarfi a zaure. Iya ta saki muciya a tsakar gida ta ce, "Wa ya zo?" Innarki ta shige ɗaki da sauri, ban san ko dariya take ko kuka ba. Na taɓa kaina, na ji yana nan a wuyana. Rufin zaure bai faɗo ba. Shekara goma sha uku ina tsoron abin da bai fi numfashi ɗaya ba.

Saura ke.

Iya na gaishe ki, ta ce taɓaryarta na nan in ana bukata a can. Nomau na gaishe ki. Ki gaida matiron da malamanki, da yarinyar da za ki nuna wa jakar, ki ce ubanki ya gode tun kafin ya san ta.

Allah ya tsare ki a kwance da tsaye, a aji da fili. Allah ya buɗe miki ƙirji, ya sauƙaƙa miki numfashi, ya haɗa ki da masu tausayi, ya raba ki da kunyar da ke cutarwa. Allah ya dawo mana da ke lafiya ranar hutu, in zo tasha in tsaya a gaba, ba wajen mai goro ba. Allah ya yi miki albarka, Hajara. Amin, amin.

Ni ne ubanki, mai aji biyu,
Audu Mai-Sikeli.